Zaman masu barin giya: yadda ake nemansa da yadda ake gane wanda ya dace

Mai son barin giya ba da safe yake shan kaye ba. Da safe kai na sarawa, baki da ɗaci, aljihu ya yi sauƙi, alkawari kuwa ba ya wuyar ɗauka. Wuyar tana zuwa ne da yamma idan an tashi daga aiki, ko bayan Isha'i lokacin da gari ya yi shiru, waya ta yi ƙara, abokin jiya na tambaya ko za a leƙo. Amfanin zaman da mashaya masu neman dainawa suke yi a junansu ke nan: a sami inda za a nufa a daidai wannan sa'ar, wurin mutanen da ba sai an yi musu dogon bayani ba, don su ma sun taɓa ɓoye kwalba a ƙarƙashin kujerar mota. Ba likitoci ba ne, ba masu wa'azi ba ne, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Sai dai zaman suna suka tara. Wani ɗakin ya riƙe mutum, wani ya kore shi, kuma da yawa sun je sau ɗaya tak, suka faɗa wanda bai dace da su ba, suka ce abin duk shirme ne.

Asibiti tukuna, idan hannu na rawa

Kafin a zo maganar taro, akwai tambayar da ta riga ta: jikinka zai jure a yanke masa giya dare ɗaya? Wanda ya yi watanni yana sha kullum, wanda hannunsa ke karkarwa da safe sai ya kurɓa ya daidaita, wanda ya taɓa faɗuwa kamar mai farfaɗiya a wani yunƙurin dainawa da ya yi a baya, wannan kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta saba sai ta ƙara wuta don ta yi aiki duk da dannewar. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, tamkar an saki birki ne alhali ƙafa na kan totur. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe ake fara karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun ƙirji da rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya ta fi zuwa a cikin kwana biyun farko. Mafi hatsari shi ne abin da kan biyo baya daga kwana na biyu zuwa na huɗu: ruɗewa, zazzaɓi, ganin ƙwari ko mutane a bango alhali babu kowa. A nan ne 'yan uwa kan ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya, alhali gadon asibiti yake buƙata a daren, domin wannan yanayin yana kisa idan ba a kula da shi ba.

Abin da likita ke yi ba mai tsawo ba ne. Maganin kwantar da jijiya na dangin diazepam, ana rage shi a hankali cikin kwanaki kaɗan, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, da ruwa idan jiki ya bushe. Kada a je kemis a sayo diazepam a yi wa kai. Haɗuwarsa da giya tana danne numfashi, kuma shi kansa ana kamuwa da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, suna da sashen da ke ganin masu shaye-shaye.

Idan likita ya tambayi yawan abin da ake sha, a faɗa masa gaskiya da lissafi. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙirgawa da shi giram 10 ne. Ashe mai cewa "ai kwalba uku ce kawai" ya sha ma'auni bakwai. Burkutu da ogogoro kuwa babu mai sanin ƙarfinsu, sai a faɗi yawan ƙwarya ko kofi. Hukumar tana da wasu tambayoyi goma da ake kira AUDIT, maki daga 0 zuwa 40. Daga 8 an shiga hatsari, daga 20 kuwa alama ce mai ƙarfi cewa jiki ya kamu.

Su wane ne ke zaman

Ƙungiyar da ta fi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda kowa ke kira AA. Ta faro a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson mai harkar hannun jari da Dakta Bob Smith likitan tiyata, suka gane cewa hirar da suke yi da juna tana hana su sha fiye da duk wani faɗa da aka taɓa yi musu. A 1939 suka fitar da littafin da ya shimfiɗa matakai goma sha biyu na barin giya, yau kuma ana zamanta a kusan ƙasashe 180. Sharaɗin shiga ɗaya ne rak: son daina sha. Ba rajista, ba katin shaida, ba cikakken suna. Ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje, sai ɗan abin da mahalarta suka jefa a kwando don kuɗin ɗaki da shayi, kuma baƙo ba dole ya jefa ba.

A jerin tarukanta za ka ga harafin O ko C kusa da sunan kowane zama. O na nufin a buɗe yake, mata ko ɗan'uwa ko ɗalibin likita duk za su iya shiga su saurara. C na nufin na masu matsalar ne kawai. Ga wanda ke tsoron haɗuwa da idon sani, C ya fi rufin asiri, domin duk wanda ya gan ka a can, abin da ya kai ka shi ya kai shi. Bayan wannan akwai bambancin salo. A wani zaman mutum ɗaya ne zai yi minti ashirin ko talatin yana ba da tarihinsa, sauran su saurara. Shi ya fi sauƙi ga sabon zuwa mai jin nauyin baki. A wani a ɗauki batu guda a zagaya, kowa minti uku zuwa biyar. A wani karatun littafi ko nazarin mataki ɗaya ake yi. Akwai na sababbin shiga, akwai na mata zalla, akwai na maza zalla. Yawanci awa ɗaya ne. Al'adar da kan ba baƙo mamaki ita ce ba a katse mai magana kuma ba a ba shi amsa ko shawara a cikin zaman. Ka gama faɗin abin da ya fi komai ci maka rai, sai ka ji an ce "mun gode," an wuce kan na gaba. Ba wulaƙanci ba ne. An yi haka ne don kada zaman ya koma kotu, shawara kuwa sai an tashi ake bayarwa, ga wanda ya nema.

Musulmi zai so ya san inda AA ta tsaya a maganar addini, kuma ya kamata a faɗa masa ƙarara. Matakan suna maganar miƙa wuya ga wani Iko da ya fi na mutum, da "Ubangiji kamar yadda muka fahimce Shi," ba su ɗaure kowa da wata aƙida ba. Wanda ya san tawakkali da tuba da mayar da haƙƙin mutane ba zai ga baƙon abu a mafi yawansu ba. Mataki na takwas da na tara, misali, rubuta sunayen waɗanda ka cuta ne da zuwa ka gyara, matuƙar zuwan ba zai ƙara cutar da su ba. Amma ƙungiyar a cikin al'ummar Kirista ta tashi, ɗakuna da yawa a harabar coci suke saboda arhar haya, wasu kuma suna rufewa da addu'ar Kirista, a tsaya a da'ira a riƙe hannu. Kana da ikon yin shiru, kana da ikon haɗe hannunka a ƙirji, kuma ɗakin da aka harare ka a kan haka ya nuna maka halinsa. Wurin da ya fi tsaya wa mutanenmu a rai shi ne mataki na biyar, inda mutum ke zayyana wa wani mutum ɗaya laifuffukansa, alhali mun taso da cewa wanda Allah Ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. A ganina, tallata saɓo a majalisa daban, buɗe wa mai magani ciwo daban, amma wannan fatawa ce da ya dace ka ji daga malamin da ka amince da iliminsa da bakinsa. Saboda irin waɗannan tambayoyi ne wasu Musulmi a birnin Baltimore suka kafa Millati Islami a 1989, suka sake zuba matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. Tarukansu ba su da yawa idan aka gwada da na AA, amma suna yin wasu ta waya da intanet. Kirista mai son zaman da ya fito fili da Littafi Mai Tsarki kuwa, akwai Celebrate Recovery da ta faro a wani coci a Kalifoniya a 1991.

Ta biyu da ta cancanci a san ta sosai ita ce SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994. Ba addu'a, ba matakai goma sha biyu, ba a buƙatar ka kira kanka mashayi. Abu huɗu take koyarwa: ƙarfafa niyya, jure ƙishirwar giya idan ta taso, sarrafa tunani da ɓacin rai, da tsara rayuwar da ba ta karkata ga kwalba ba. Mai jan zaman an horar da shi, kuma a nan ana mayar wa juna magana. Ana aiki da takarda da biro. Za a ce ka raba shafi gida huɗu, ka rubuta ribar sha, da hasararsa, da ribar dainawa, da hasararta, sannan ka duba wanne ne na dare ɗaya, wanne ne na shekaru. Mutumin da ke son a ba shi dabara ya gwada, wanda maganar "ba ni da iko a kan giya" ke sa shi jin an karya masa gwiwa, sau da yawa nan ya fi zama. Akwai kuma LifeRing, ita ma ba ruwanta da addini, da Women for Sobriety ta mata zalla, wadda Jean Kirkpatrick ta kafa a 1975. Wasu ƙungiyoyin ragewa suke koyarwa ba dainawa ba. Wanda ya kai ga rawar hannu da safe, wannan ba hanyarsa ba ce.

Mai tambayar ko abin yana aiki, akwai amsa gwargwado. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, ta gano cewa a shirye-shiryen asibiti da aka tsara don shigar da majiyyaci AA, kashi 42 cikin ɗari ba su sha ko ɗigo ba har shekara ta zagayo, a sauran hanyoyin ba da shawara kuwa kashi 35. Lissafin ya nuna tana taimako, ya kuma nuna cewa fiye da rabi sun ɗan koma ruwa a cikin shekarar. Duk wanda ya ce maka hanyarsa ba ta taɓa kuskure ba, ka riƙe aljihunka.

Neman ɗakin

Bahaushen da ke Landan ko Niyok aikinsa mai sauƙi ne: manhajar Meeting Guide, ko shafin AA na ƙasar da yake, zai jero masa zaman da ke kusa da shi da ranaku da sa'o'i. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne tsohon jeri. Ɗakin ya tashi, ko an canza rana, ka je ka tarar da ƙofa a garƙame, zuciya kuwa dama neman hujja take. A kira lambar da ke jikin jerin kafin a fita, a kuma isa minti goma kafin lokaci, don a wannan ɗan tsakanin ne ake gaisawa a san sabuwar fuska.

A garuruwanmu na Arewa lamarin ya sha bamban. Tun da jihohi goma sha biyu suka ɗauki Shari'a daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000, shan giya ga Musulmi laifi ne a doka, ban da abin kunya da yake jawowa a gida da unguwa da wurin neman aure. Ba za ka ga allo a bakin titi an rubuta zaman mashaya ba. Hanya mafi aminci ita ce a tambayi nas ko jami'in walwala a sashen ƙwaƙwalwa ko akwai zaman rukuni da suke yi wa waɗanda aka sallama, ko sun san wani da ake yi a gari. Ta biyu ita ce intanet, kuma ga mafi yawan masu karanta wannan, ita ce za ta fara buɗewa. Shafin Online Intergroup na AA yana da jerin tarukan Zoom dare da rana, ana tacewa da harshe da salo. SMART ma tana da nata jerin. Turanci ya fi yawa, amma mutumin Maraɗi ko Damagaram zai sami na Faransanci, na Sudan ko Chadi ya sami na Larabci.

Agogo ne ke kayar da mutane a nan. Nijeriya da Nijar suna gaban Niyok da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa shida a sauran watanni. Zaman ƙarfe bakwai na yamma a can, sha biyun dare ne ko ɗayan dare a Kano. Na sha biyun rana a can shi ke faɗowa biyar ko shida na yamma a nan. Ingila agogonmu ɗaya da ita daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, da sanyi kuma tana bayanmu da awa ɗaya. Faransa akasin haka: daidai muke da sanyi, tana gabanmu da awa ɗaya da bazararsu. Gana tana bayan Nijeriya da awa ɗaya kullum. A duba ko shafin ya juya lokacin zuwa agogon wayarka, kada a ɗauka.

Sai rufin asiri, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka shiga Zoom, canza sunan da ke fitowa, domin wayoyi da yawa suna nuna cikakken sunan mai su. Sa sunan farko kawai, ko wani da ka zaɓa. Cire hoton fuska. Sa abin ji a kunne, kuma ka tuna cewa bangon ɗaki ba ya riƙe muryar mai magana; mota a fake ta fi falo. Rufe kyamara halal ne a yawancin ɗakuna, sai dai wasu kan nemi ka buɗe na daƙiƙa kaɗan a tabbatar kai mutum ne, saboda masu kutse. Idan ka kashe hotunan da ke shigowa ka bar murya kawai, awa ɗaya ba ta cin megabait ɗari, da bidiyo kuwa tana iya lashe rabin gigabait ko fiye. Zauren WhatsApp shi ne na fi ɗari-ɗari da shi: kowa na ganin lambarka, lamba kuwa tana kai wa ga suna, kuma saƙon murya da ka aika cikin kuka ana iya tura shi ko'ina.

Zaman farko ba ya buƙatar komai daga gare ka. Za a karanta 'yan shafuka na buɗewa, a tambaya ko akwai sabon zuwa. Ɗaga hannu yana da amfani don shi ke sa a ba ka lambobin waya bayan an tashi, amma ba tilas ba ne. Idan layi ya zo kanka, "yau saurare na zo yi" ta wadatar. Ko ka sha a ranar ba a korar ka, sai dai a ɗakuna da yawa za a so ka saurara kawai, ka yi magana da wani bayan an tashi.

Yadda ake auna ɗaki

Shawarar da tsofaffin hannu kan bayar ita ce a halarci zama shida kafin a yanke hukunci, kuma ni zan ƙara cewa kada shidan su zama na ɗaki ɗaya. Cikin mako biyu ko uku, a gwada AA iri biyu ko uku, a gwada SMART sau biyu, a gwada na jinsi ɗaya. Bambancin da ke tsakanin ɗakunan AA biyu yakan fi wanda ke tsakanin AA da wata ƙungiya, domin kowane ɗaki cin gashin kansa yake yi, halin mutum biyar ko shida da ba sa fashi shi ne halinsa.

Ma'auni na farko ba na falsafa ba ne: za ka iya komawa? Zaman da ya burge ka amma sai ka hau mota biyu, ko yake faɗowa ƙarfe biyun dare, ba zai kai wata guda ba. Wanda ya fi shi ne wanda ya zauna daidai kan sa'ar da ka saba sha. Idan daren Juma'a da ranar albashi ne ke kayar da kai, a nan ake kafa zaman, ba safiyar Talata ba. Masu cewa a yi zama casa'in a kwana casa'in ba doka suke faɗa ba, amma hikimar a fili take: watanni ukun farko ne aka fi komawa ruwa, kuma wanda ya saba ba giya awa uku kullum dole ya sami abin da zai zuba a ramin.

Na biyu, dubi waɗanda ke ɗakin. Ana son gauraye: masu shekara biyar ko goma ba su sha ba, da masu kwana goma. Idan duk sababbi ne, makaho ne ke jan makaho. Idan duk tsofaffi ne da suka san juna, suna raha a tsakaninsu ba mai kallon ƙofa, baƙo zai ji kamar ya shiga bikin da ba a gayyace shi ba. Saurari abin da ake faɗa kuma. A ɗaki mai lafiya mutum yana cewa "ni ga abin da na yi," ba "kai ga abin da za ka yi" ba, kuma labarin yana kaiwa ga yadda aka tsallake daren jiya. Akwai ɗakunan da hirar ta koma gasar wa ya fi shan kwalabe, ana ba da labarin buguwa da marmari har ka fito ƙishirwarka ta ƙaru. Wannan gwajin ba ya ƙarya: in ka fito sau biyu kana jin son sha fiye da yadda ka shiga, canza ɗaki.

Na uku, amana. Idan ka ji ana kawo maganar wanda bai zo ba, da sunansa da abin da ya faɗa makon jiya, to haka za a yi da taka.

Wasu alamomin kuwa ba a jiran zama na shida a kansu. Wanda ya ce ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka don wai mai shan magani bai daina ba, yana wasa da ranka. AA kanta ta rubuta cewa kada ɗan ƙungiya ya mayar da kansa likita. Akwai magunguna uku da aka sani na taimaka wa mai barin giya, naltrexone da acamprosate da disulfiram, kuma ba sa karo da zuwa taro. Sai dai a faɗa wa likita idan ana haɗawa da tramadol ko kodin, domin naltrexone yana toshe hanyarsu, ya jefa mai shan su cikin azabar yankewa nan take. Disulfiram kuma kada a kuskura a zuba wa mutum a abinci ba da saninsa ba, kamar yadda wasu iyalai ke sha'awar yi. Idan ya sha giya a kai, abin na iya kai shi kushewa. Haka nan a guji ɗakin da ake neman kuɗi mai kauri, ko ake tallar wata cibiya ko wani jiƙo, ko mutum ɗaya ya zama sarki ba a juya shugabanci. Rance tsakanin mahalarta yana kashe zama fiye da giyar kanta. Mace kuma ta sani akwai mazan da ke fakon sababbin zuwa lokacin da suke da rauni, har 'yan AA sun yi wa ɗabi'ar laƙabi da mataki na goma sha uku. Lambar waya ta ba 'yan uwanta mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma duk wanda ya matsa da saƙon sirri a Zoom a sanar da mai jan zaman.

Kada kuma a haɗa wannan da gidan mari. Zaman da ake magana a kai, da ƙafarka ka shiga, da ƙafarka za ka fita. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300 a kulle, wasu da sarƙa a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya, ya isa ya sa iyali su yi tambaya kafin su miƙa ɗansu ga duk wurin da ba a barin a gan shi.

Bayan an zauna da ɗaki ɗaya, a AA ana ɗaukar jagora, wanda suke kira sifonsa: wani da ya riga ka nisa, da za ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba, shi kuma zai bi da kai matakan. Kada a yi gaggawa. A saurari mutane na makonni, a zaɓi wanda ya shekara aƙalla bai sha ba, jinsinku ɗaya, shi ma yana da nasa jagoran, kuma yana ɗaga waya. Ana iya cewa "na wucin gadi" tun farko, don rabuwa ta zo da sauƙi in jini bai haɗu ba. Aikinsa giya ce. Ba shi zai zaɓa maka mata ko ya ce ka bar aikinka ba. Kuma lamba ɗaya ba ta isa, a tara uku ko huɗu, domin ranar da ka fi buƙata ita ce ranar da wayarsa ba caji.

Matar mashayi da iyayensa suna da nasu zaman daban, Al-Anon, wanda Lois matar Bill Wilson ta kafa tare da wata abokiyarta a 1951. Ba a koyar da dabarar hana shi sha a can, ana koyon yadda za a daina biya masa bashi da yi masa ƙarya a wurin aiki. Wanda kuma giya ba ita kaɗai ba ce, akwai ƙwaya ko sirof a ciki, zai fi sakewa a Narcotics Anonymous, domin wasu ɗakunan AA suna so a tsaya kan giya kawai.

In an zame an sha, a koma zama na gaba, kada a jira sai an "gyaru." Kunya ce ke mayar da kwalba ɗaya ta zama wata uku. Yadda ɗakin ya karɓe ka a ranar shi ne jarrabawarsa ta gaskiya: na kirki zai matsa maka kujera ya tambaye ka me ya faru kafin kurɓar farko. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, a sake bi ta wurin likita, domin yankewa ta biyu da ta uku sukan fi ta farko tsanani.

Wanda ya duba garinsu bai sami komai ba, kuma Turancin intanet ya yi masa nauyi, al'adar AA ta yarda mashaya biyu ko uku da suka haɗu don neman dainawa su kira kansu rukuni, matuƙar ba su jingina da wata ƙungiya ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne: rana ɗaya da sa'a ɗaya da ba sa canzawa, ɗakin da shigarsa ba ta jawo tambaya, agogon da zai tsayar da kowa a minti biyar, da sharaɗin cewa ba a ɗaukar murya, ba a rubuta suna, waya kuma a kife take. Shugabancin zaman ya riƙa zagayawa duk wata. Zai fi kyau aƙalla ɗaya daga cikinku ya yi wata shida bai sha ba kuma yana halartar wani zaman ta intanet, don ya riƙa kawo tsarin, sannan ku sami nas ko likita ɗaya da ya san da ku, wanda za a kira idan sabon zuwa ya shigo hannunsa na rawa.